Likwidamba: yadda ake sarrafa katakonta da tatsar ƙaronta

Duk wanda ya zauna a kudu maso gabashin Amurka, irin su Jojiya da Karolina da Alabama har zuwa gabashin Texas, ya san bishiyar nan ko da bai san sunanta ba. Ita ce mai zubar da 'ya'ya masu ƙaya kamar na zaƙami, su cika tsakar gida da gefen titi, wanda duk ya taka ɗaya ba takalmi sai ya ɗingisa. Masu gidaje da yawa haushinta suke ji, wasu har kuɗi suke biya a sare musu ita a yi gaba da gungumen. Ni kuwa ranar da na tsinki ganyenta na murje a tafin hannu na shinshina, sai na ji kamar an buɗe kwalbar turaren wuta a wani ɗaki can nesa. Tun daga ranar nake bibiyarta, kuma yana yi mini ciwo in ga an niƙe gungumenta an mai da shi dusa, alhali akwai teburi a cikinsa, akwai turare a ɓawonsa.

Amurkawa suna ce mata sweet gum. Sunanta na kimiyya Liquidambar styraciflua, wanda masanin tsirrai Carl Linnaeus ya tabbatar mata a 1753. Rabin sunan Latin ne mai ma'anar abu mai kwarara, rabin kuma ambar ne na Larabci, wato ambar mai zuba. Tunda ba mu da ita a Hausa, zan riƙa ce mata likwidamba. Tana fitowa daga jihar Konetikat a arewa zuwa tsakiyar Fulorida, sannan ta sake ɓullowa a duwatsu masu hazo na Meziko da Gwatemala da Honduras har Nikaragwa. Tana da 'yar'uwa a kudu maso yammacin Turkiyya, Liquidambar orientalis, wadda daga jikinta ake samun ƙaron da masu sayar da kayan ƙamshi na Larabawa ke kira mai'a sa'ila. Mutanen da suka fara zama da ta Amurkan sun san darajarta tun tuni. Wani sojan Sifen da ya shiga fadar Moktezuma, sarkin ƙabilar Aztek ta Meziko, a 1519 ya ba da labarin cewa in sarkin ya gama cin abinci akan kawo masa bututu masu zane, cike da ƙaron likwidamba gauraye da taba, ya zuƙi hayaƙin.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe kafin mu ɗauki zarto ko wuƙa. Bishiyar nan ba ta ba mai gaggawa komai. Katakonta in ka matsa masa ya bushe da wuri murɗewa yake yi, ƙaronta kuma ba ya fita sai ta ji ciwo, in ciwon ya yi yawa ta mutu.

Ka tabbata ita ce

Ganyenta kamar tauraro yake, mai yatsu biyar, wani lokaci bakwai, gefensa da ƙananan haƙora. Yana kama da na wata bishiya da ke can mai suna mapul, wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada, kuma sabon zuwa yakan rikita su. Bambancin yana wurin zaman ganyen a reshe. Na mapul bibbiyu suke fitowa suna fuskantar juna, na likwidamba kuwa ɗaya nan, ɗaya can gaba kaɗan a ɗaya gefen. In har yanzu kana shakka, murje ganyen. Mapul ba ta da wannan ƙamshin.

Sauran alamun ba su da wuya. 'Ya'yan masu ƙaya, faɗinsu santimita 3 zuwa 4, kore ne da farko, sannan su bushe su koma ruwan ƙasa, kuma da yawa sukan kwana a rataye har hunturu ya ƙare. Ƙananan rassan wasu bishiyoyin suna fitar da fikafikan ɓawo masu taushi a gefe da gefe. Babbar bishiya tana kai mita 20 zuwa 35 a miƙe sambal, a ƙasa mai dausayi ta wuce haka. Da kaka ganyen yakan rine, bishiya ɗaya ka ga ja da ruwan ɗorawa da shunayya a lokaci guda.

In shukawa za ka yi

Daga Satumba zuwa Nuwamba ake tsinko 'ya'yan, lokacin da koren ya fara dusashewa amma ba su buɗe ba. Zuba su a jakar takarda a wuri busasshe, bayan kamar mako guda ka girgiza. Abin da zai zubo kashi biyu ne: wani gari kamar dusar katako, wanda iri ne da bai ƙosa ba, da kuma 'yan ƙwayoyi masu duhu masu fiffike ɗaya. Waɗannan ne irin. Sai sun sha sanyi suke tsira da kyau, don haka a gauraya su da yashi mai laima a sa a firji wata ɗaya zuwa biyu. In an zo shuka a ɗora su a saman ƙasa a danna kaɗan, kada a binne da zurfi, domin suna son haske.

Wurin dashe shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Saiwoyinta a sama-sama suke tafiya, suna ɗaga siminti suna fasa dakali, saboda haka ka nisanta ta da gini da mita 8 zuwa 10. Tana son rana sosai da ƙasa mai riƙe ruwa, ba ta shiri da ƙasa mai kanwa-kanwa, nan ganyenta kan koɗe ya yi fari-fari. Wanda inuwa kawai yake so ba ya son sharar ƙaya, akwai nau'in da ake kira Rotundiloba, wanda kusan ba ya 'ya'ya. Wadda aka shuka daga iri takan kai shekara 20 ko fiye kafin ta fara zubar da nata.

Wanda ke tunanin kai ta gida Kano ko Katsina ko Damagaram, shawarata ya haƙura. A ƙasarta ta Amurka tana samun ruwan sama milimita 1,000 zuwa 1,500 a shekara, a rarrabe cikin watanni, a Meziko kuma cikin hazo take rayuwa. Ranin wata bakwai ba nata ba ne. Muna da hano da dashi da ƙaro namu da suka san ƙasarmu.

Katako: daga gungume zuwa falanki

In ka duba bakin gungumen da aka sare za ka ga launi biyu. Gefe fari ne mai faɗi, tsakiya kuma ja-ja mai duhu. A ƙaramar bishiya kusan duka farin ne, zuciyar ba ta kankama sai bishiya ta manyanta. 'Yan katakon Amurka suna sayar da su daban-daban kamar itace biyu, kuma jan ya fi tsada. A wasu gungumen zuciyar tana da zane baƙi-baƙi mai yawo kamar hayaƙi, irin wannan ne aka riƙa kai wa Turai ana sayarwa da sunan satin walnut, duk da ba ta haɗa dangi da itacen da ake kira haka ba. Gidaje da yawa da aka gina a Amurka a farkon ƙarni na 20 da shi aka yi musu ƙofofi da adon bango, daga baya aka yi akwatunan rediyo da talabijin. Yau yawancinsa yana tafiya ne a filawud da akwatunan kaya da takarda.

Busasshensa matsakaici ne a nauyi, wajen kilo 550 a kowane dunƙule mai tsawo da faɗi da zurfi mita ɗai-ɗai. Fuskarsa lumui take, ba manyan ƙofofi. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: jijiyarsa a sarƙe take. Wasu shekaru zaren itacen ya karkata dama, wasu shekaru ya karkata hagu, sai su zama kamar tufkar igiya. Shi ya sa mai faskare yake wahala da shi, gatari ya shiga ya maƙale. Shi ya sa kuma yake murɗewa in yana bushewa, domin kowane sashe yana ja ta nasa gefen.

Na ga wannan da idona. Falankaina na farko, guda shida masu kyau, na jingina su a jikin shinge don iska ta buge su. Kafin wata ya cika sun kantare kamar busasshiyar ganda, babu ko ɗaya da zai kwanta a ƙasa da kusurwa huɗu. Sai guntaye na yanka daga ciki. Abin da zan faɗa a ƙasa, daga wannan asarar na fara koyonsa.

Da an kayar da bishiya, a ranar ko washegari, shafe bakin gungumen biyu da kakin zuma narkakke ko fenti mai kauri. Ta baki ruwa ya fi saurin fita, in ba a toshe ba sai ya tsattsage. Ɗaga gungumen daga ƙasa, kuma kada ya wuce mako biyu ko uku ba a kai shi injin yanka ba, musamman lokacin zafi. Farin gefen nan yana saurin kama fumfuna, ya yi shuɗi-shuɗi har ciki, ba ya gogewa. Watannin sanyi sun fi dacewa da sara.

A wurin mai inji, roƙe shi ya yi maka yankan gida huɗu. Wato a tsaga gungumen biyu, a sake tsaga kowane biyu, sannan a fitar da falankai ta yadda layukan shekarun bishiyar za su tsaya a tsaye in ka kalli bakin falankin. Yankan da aka saba, wanda ake bi daga gefe ɗaya ana feɗe gungume har a fita, ya fi sauri kuma ya fi ba da falankai masu faɗi, amma ga lissafin. Daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau, likwidamba tana tsukewa kashi 10 cikin 100 ta kewayen layukan, kashi 5 kawai ta tsallakensu. Falanki mai faɗin santimita 30 na yankan da aka saba zai iya rasa kusan santimita 3, ya kuma lanƙwashe kamar kwami. Na yankan gida huɗu rabin haka zai rasa, ya zauna a shimfiɗe, ga kuma wani zane mai ratsi-ratsi da sarƙaƙƙiyar jijiyar ke fitarwa a fuskarsa. Ka sa a ƙara kauri a kan abin da kake bukata. In santimita 2 kake so a ƙarshe, a yanka 3, domin gyaran murɗa zai ci sauran. Falankin da ya ratsa ta cibiyar gungume kuwa a cire cibiyar a yar, tsagewa za ta yi ko me ka yi mata.

Jerawa ita ce rabin aikin. Samu wuri mai inuwa da iska ke ratsawa. Kafa ginshiƙai a ƙasa, tsayin kamar santimita 40, ka auna su da ma'aunin magina har su daidaita, domin duk karkatar da ke ƙasa sai ta fito a jikin katako. Shimfiɗa layin farko na falankai, da ɗan tsakani tsakaninsu. Gicciya 'yan sanduna busassu masu kauri ɗaya, kamar santimita 2, a kansu. A wasu itatuwa ana barin santimita 60 tsakanin sanda da sanda, amma a wannan kada ya wuce 30 zuwa 40, kuma lallai a sa ɗaya daf da kowane baki. Sandunan layi na biyu su hau daidai kan na farko, na uku daidai kan na biyu, ta yadda in ka tsaya a gefe za ka ga sun yi layi a tsaye kamar an ja zare. Sanda ɗaya ta kauce, falankin da ke ƙarƙashinta ya lotsa. Kada a yi amfani da ɗanyen sanda, tabo take bari.

Sannan nauyi. Ɗora bulo na siminti a saman tarin, a kan layin sandunan, iya yawan da za ka iya. Falankan ƙasa nauyin 'yan'uwansu ya danne su, na sama ne ba su da mai riƙe su, kuma su ne ke fara bijirewa. Wasu suna ɗaure tarin da bel ɗin ɗaure kaya na mota, hakan ma yana yi in za ka riƙa ƙara tamkewa duk mako, tunda katako yana raguwa bel yana saki. Rufe sama da kwanon rufi ya zarce ta kowane gefe, amma a bar gefuna a buɗe. Leda kada ta kusance shi.

Makonnin farko akwai ja-in-ja. Farin gefe yana son iska da wuri don kada ya yi fumfuna, jar zuciya kuma a hankali take sakin ruwa, in an matsa mata ta tsage ta ciki. In kana da yawa, raba su tari biyu, farare a inda iska ta fi ƙarfi, jajaye a lungu. Kafintoci suna da ƙiyasin shekara guda ga kowane kaurin santimita biyu da rabi. Farin yakan riga haka, amma na'urar auna laima ta fi ƙiyasi gaskiya. A waje laimar katakon za ta tsaya wajen kashi 12 zuwa 15 cikin 100. Kayan da za su zauna a ɗaki mai na'urar ɗumama suna bukatar 6 zuwa 8, don haka a shigo da falankan cikin gida, a jere da sandunansu da nauyinsu, su yi wasu makonni kafin a taɓa su.

Wajen aiki, kaifi shi ne komai. Dakusasshen bakin inji yana fizge sarƙaƙƙiyar jijiya ya bar ramuka. A riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, kuma a kankare fuska biyu daidai wa daida, a ajiye ya kwana biyu, sannan a yi gyaran ƙarshe. Yana karɓar gam da kyau, don haka faffaɗan teburi gara a haɗa shi da siraran falankai da a nemi guda ɗaya mai faɗi. Ƙusa da noti ba sa saurin tsaga shi. Yana shan launi har a rikita shi da itatuwa masu tsada, ko da yake ni ina ganin zuciya mai zane ba ta bukatar komai sai mai ko man sheƙi marar launi. Duk abin da ka shafa a sama ka shafa a ƙasa, in ba haka ba fuska ɗaya ta sha laima ɗaya ba ta sha ba, ya sake lanƙwasa.

Kada ka yi kujerar tsakar gida ko dirkar shinge da shi. Ba ya jure ruwa ko kaɗan, ƙwari ma suna cin sa. Katakon ɗaki ne.

Ƙaro: yadda masu sana'ar ke yi

Kalmar ƙaro za ta iya ruɗar da mu. Ƙaron da muka sani, wanda ake zubawa a tawada, yana narkewa a ruwa kuma ba shi da wani ƙamshi. Na likwidamba danƙo ne mai maiƙo, ba ya narkewa a ruwa, ya fi kusa da abin da hano ke fitarwa. Lafiyayyar bishiya da ba a taɓa ba kusan ba ta da shi. Sai an ji mata rauni take buɗe 'yan hanyoyi a sabon itacen da ke ƙarƙashin ɓawo, ta turo danƙon don ta rufe ciwon ta kori ƙwari da ruɓa. Wanda ya fahimci haka ya san dalilin da ya sa ba a samun komai ranar da aka yi yanka, da dalilin da ya sa rami mai zurfi ba ya ƙara yawan abin da za a samu.

A lardin Mugla na Turkiyya, wajejen Koycegiz da Marmaris da Fethiye, ana kiran bishiyar sigla. Da ƙarshen Maris zuwa Afrilu ake kankare ɓawon waje a rage masa kauri. Bayan kamar wata guda a zo da wani ƙarfe mai kama da cokali a buɗe siraran raunuka a tsaye. Daga tsakiyar zafi har kaka ana dawowa duk bayan mako biyu a kankaro abin da ya taru haɗe da ɓarɓashin ɓawo. Sai a tafasa a tukunya, a zuba a buhu a matse, danƙon ya fito. Tukar ɓawon da ta rage ba a zubarwa, busar da ita ake a ƙona a matsayin turare. Dazuzzukan nan sun ragu ƙwarai, daga fiye da hekta 6,000 a shekarun 1940 zuwa ƙasa da 2,000, saboda mai da su gonaki da kuma tatsar da ta wuce kima. A Honduras kuwa, a yankin Olanco, 'yan ƙabilar Pec ne suka shahara da sana'ar. Su sara suke yi a jikin bishiya mai kamar aljihu, danƙon ya taru a ciki su zo su kwashe, kuma nasu ne ke tafiya kamfanonin turare na Turai.

Tatsa a gida

Fara da dubawa. Bishiyar da guguwa ta karya wa reshe, ko injin yankan ciyawa ya ƙuje, sau da yawa za ka tarar da danƙo ya riga ya daskare a bakin tabon. Kankare shi da wuƙa, ba ka ji wa kowa ciwo ba. Haka yaran karkarar kudancin Amurka suke samun abin da suke taunawa kamar cingam.

In yanka za ka yi, bishiyar ta zama taka ko ka nemi izinin mai ita. Ta lambun gwamnati da ta gefen titi ba a taɓawa. Mafi dacewa ita ce wadda dama an yi niyyar sarewa nan da shekara ɗaya ko biyu, ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Zaɓi mai kaurin aƙalla santimita 30, lafiyayya, mai cikakken ganye. Lokaci shi ne bayan ganye ya gama fitowa zafi ya kama, Mayu ko Yuni. Inda ya fi ɗumi ya fi bayarwa, wanda ke arewacin Amurka kada ya sa rai da yawa.

Da wuƙa mai tsabta ka cire ɓawo a tsaye, faɗin yatsa biyu, tsawon taƙi ɗaya. Shiga har ka taɓa farin itacen, ka ɗan karce fuskarsa, ka tsaya nan. Rauni ɗaya ya isa, biyu in bishiyar babba ce, kuma su yi nisa da juna. Kada ka taɓa yin yanka mai kewaye gangar jikin. Abincin bishiya ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, in ka zagaye shi ka yanke mata wuya. A ƙasan raunin ka maƙala ƙaramin gwangwani ko murfin kwalba, ka yi masa 'yar rumfa saboda ruwan sama.

Sai jira. Mako na farko ba za ka ga komai ba. A na biyu ko na uku sai ka ga gefen raunin ya fara ƙyalli, 'yan ɗigo kamar zuma suna tsattsafowa. Yawancinsa ba zai kai gwangwanin ba, a jikin itacen zai maƙale. Duk mako biyu ka zo da tsohon cokali ka kankare, ka ɗan sabunta gefen raunin da siririn yanka don kada ya rufe. Cokali kaɗan za ka tara a kakar gaba ɗaya, kuma hakan daidai ne. Da sanyi ya fara shigowa ka daina, ka bar bishiyar ta huta shekara biyu ko uku. Kada ka shafa wa raunin fenti ko kwalta, da kanta take rufewa. In ya manne maka a hannu, man girki ne ke fitar da shi, sannan sabulu.

Abin da ka tara zai zo da ɓawo da ƙura da 'yan tururuwa. Zuba shi a kwalba, ka tsayar da kwalbar a cikin tukunyar ruwan zafi. Kada ka ɗora shi kai tsaye a wuta, yana kamawa, kuma ƙamshin ne ke fara gudu. In ya saki ya yi ruwa, tace shi da ƙyalle mai shara-shara wanda ba za ka sake bukata ba, ka matse da cokali tun da zafinsa. Masu haɗa magunguna narkar da shi suke a sifirit mai ɗumi, su tace, su bar sifirit ɗin ya tashi, wannan ya fi fitar da shi garau. Ƙyallen da ɓarɓashin a ajiye, turare ne. A adana tatacce a kwalbar gilashi mai murfi a wuri mai duhu.

Sabon ƙaro yana da wani wari-wari a sama kamar na roba ko fetur, kada ka ɗauka ya lalace. Wani sinadari ne mai suna sitirin. A 1839 wani mai haɗa magunguna a birnin Balin na Jamus, Eduard Simon, ya tace shi daga irin wannan danƙo, ya ajiye, bayan kwanaki ya tarar ya yi kauri ya daskare. Abin da ya gani shi ne asalin farar robar nan marar nauyi da ake kare talabijin da ita a kwali, duk da yanzu daga man fetur ake yin ta. Bayan wasu watanni warin yana lafawa, sai zaƙin ya fito, mai kama da kirfa da fure.

Game da magani, ga abin da ya tabbata. An daɗe ana sa shi a ciwon fata da tari, kuma yana cikin haɗin tsohon maganin nan na ruwa da ake yi da luban jawi, wanda ake shafawa a fata ko a shaƙi tururinsa. Amma yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje, shi ya sa masana'antar turare ta ƙayyade yawan da ake zubawa a kayan shafa. Gwada ɗigo a cikin mai a bayan hannu, ka jira kwana biyu. Ana kuma yawan cewa 'ya'yanta maganin mura ne saboda irin yana ɗauke da sinadarin da ake fara haɗa maganin mura na Tamiflu da shi. Sinadarin yana nan, amma sai ya bi matakai da yawa a masana'anta kafin ya zama maganin, jiƙa 'ya'yan a kwalba ba ya mai da su Tamiflu.

Ga masu haɗa turaren wuta

'Yar'uwa, in mai'a za ki saya a kasuwa, ga yadda za ki gane ta. Ɗanyar ta Turkiyya toka-toka ce mai duhu, mai kauri, ba a ganin ta cikinta, in ta daɗe a ajiye takan kwantar da wani baƙin kauri a ƙasa. Tatacciya da ta Amurka sun fi kama da zuma mai duhu. Shafa kaɗan a gilashi, siririn shafin ya kamata ya zama garau. Ɗiga ta a kofin ruwa, ta gaske nutsewa take ba ta narke ba, in ta yi iyo ta bazu an sirka ta da mai. Wanda ake sayarwa baƙi mai kamar garin gawayi kuwa, gawayi ne ko dusar itace da aka shayar da danƙon, yana da daɗin ƙonawa amma kada a saya miki shi a kuɗin zalla. Luban jawi kuma daban ne, daga wata bishiya ta Sumatra da maƙwabtanta yake, ƙanƙara-ƙanƙara ne ba ruwa ba.

Amfaninta a haɗi shi ne riƙe ƙamshi. Turarukan da ke saurin tashi, ita ke danne su su daɗe a jikin tufa da labule. Ɗumama madarar turarenki a ruwan zafi, ki narkar da mai'a a ciki, kamar ƙaramin cokali ɗaya ga kofi biyu na itace, sandal ne ko hawi ko ɗorot. Jiƙa itacen da wannan haɗin tukuna. In za ki yi da sukari, bari sukarin ya sauka daga wuta ya ɗan huce kafin ki haɗa, domin tafasasshen sukari yana ƙona ta ta yi ɗaci. Rufe a kwalba mako uku ko huɗu, kina juyawa lokaci-lokaci. Ranar ƙonawa kada ki zuba a jan garwashi. Bari toka ta lulluɓe shi, ko ki barbaɗa toka kaɗan a kai, ki ɗora turaren a gefen kasko inda zai narke a hankali, sannan ki buɗe taga kaɗan in akwai jariri ko mai asma a ɗakin.